Daidai ruwa daidai tsaki: amsoshin tambayoyinku kan cefane, bashi da rufin asiri

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato tukunya da aljihu. Ba abin mamaki ba ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma kuɗin mota da na kayan masarufi suka bi ta. Abin da ke damun mutum shi ke fitowa a bakinsa, don haka bari mu shiga.

Wata amarya da ta tashi a Legas, take aure a Gusau, ta ce: "Malam, duk ranar da na ce wa maigida kuɗin cefane ba su isa ba, sai ya ce min daidai ruwa daidai tsaki. Ni tsakin baki kawai na sani. Me yake nufi, kuma daidai ne ya riƙa kashe min baki da wannan magana?"

'Yata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Tsakin da ke cikin wannan karin magana ba na baki ba ne. Idan aka niƙa masara ko dawa ko gero aka tankaɗe, gari mai laushi ya wuce ta rariya, to abin da ya rage a sama mai ɗan tsakuwa-tsakuwa shi ne tsaki. Da shi ake fate, da shi ake dambu. Duk macen da ta taɓa ɗora tukunyar fate ta san cewa ruwan da za ta zuba yana bin yawan tsakin da ke hannunta ne. In ruwa ya yi yawa, abu ya tsinke, in ya yi kaɗan ya cije. Ma'anar ke nan: mutum ya auna hidimarsa da abin da ya mallaka, kada ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya ɗauka. Karin maganar nan ba ta ɗaure mai girki kaɗai ba, ta ɗaure har da mai kawo tsakin. Wanda ya rage abin da yake bayarwa ba shi da bakin tambayar ina nama, ko me ya sa miya ta yi salam. In kuɗin da yake ajiye miki yau su ne dai waɗanda yake ajiyewa shekara biyu da suka wuce, to shi ma sai ya daidaita harshensa da aljihunsa. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗi wannan ƙarara: mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ba a ɗora wa namiji abin da ba ya iyawa ba, haka kuma ba a ce mace ta ƙirƙiro abinci daga babu ba.

Akwai wani abu game da kalmar cefane da ya kamata ku sani ku biyun. A tsarin gidan Bahaushe na da, hatsi yana rumbu, ba a lissafa shi cikin cefane. Cefane kayan miya ne: daddawa, kuka, kuɓewa, barkono, gishiri, ɗan mai, da nama in an samu. Yau a birni babu rumbu. Mudun masara, kuɗin niƙa, gawayi ko gas, har ruwan 'yan garuwa, duk an tura su cikin kalma ɗaya. Kalmar ta kumbura, kuɗin ba su kumbura ba. Shawarata ita ce ki roƙe shi cikin ladabi ya shiga kasuwa da kansa na mako guda. Yawancin rigimar cefane da na sani tana mutuwa ne a gaban mai tumatir. Kuma ki tuna masa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba ke kika tsawwala farashi ba, ke ce kawai kika fi kusa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya: "Shin maleji Hausa ce? Mene ne bambancinta da tattali? Kuma yaushe tattali ke zama rowa?"

Maleji ararriya ce daga Turanci, tushensu ɗaya da manaja. A Turanci da harafin n ake faɗinta, Bahaushe ya mayar da shi l, kamar yadda ya yi wa lamba, da kuma lakadan wadda ta zo daga Larabci. Tunda ta shiga bakin tsohuwa a ƙauye, ta zama tamu, ba na jayayya da ita. Sai dai ba ta maye gurbin tattali ba, domin ba abu ɗaya suke faɗa ba. Maleji na wanda abu bai ishe shi ba ne, yana lallaɓawa. Tattali kuwa har mai wadata yana yin sa. Ana tattalin yaro, ana tattalin miji, ana tattalin lafiya. A cikin kalmar akwai kula da ƙauna, shi ya sa da aka zo neman sunan ilimin dukiyar ƙasa aka ce tattalin arziki.

Kalmar tattali tana da 'yan'uwa biyu. Tanadi shi ne shirya wa abin da ke tafe, kamar mai sayen buhun masara da kaka lokacin da take araha, ya ajiye don damina. Tsimi shi ne rage ci yau domin gobe ta samu. Rowa daban take da su duka, domin sharaɗinta shi ne akwai. Marowaci yana da shi ya hana. Wanda ba shi da shi, ko ya raba ashana biyu, ba a kiransa marowaci. Ina jin zafin yadda ake jifan magidanta da wannan kalma a kwanakin nan saboda sun rage kayan Sallah ko sun taƙaita bikin suna. Mutumin da ya yanka ragon suna ya sallami taro da wuri don kuɗin makarantar yara su samu, tattali ya yi. Wanda yake cin tsire a waje ya shigo gida yana goge baki, iyalinsa na cin gaya, shi ne sunan ya dace da shi.

Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Azare ya ce: "Malam, aro da rance da bashi ba duk ɗaya ba ne? Kuma tunda an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, mene ne abin kunya a cinsa?"

Ba ɗaya ba ne, kuma yara masu tasowa suna ta cakuɗa su. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne: tabarma, tsani, babbar riga, keke. Rance na abin da zai ƙare a hannunka ne, ka mayar da madadinsa: kuɗi, mudun gero, kwalbar manja. Don haka cewa "ara min dubu biyar" kuskure ne, sai dai "ranta min", sai fa in nuna kuɗin za ka yi ka dawo da su. Bashi kuwa shi ne nauyin da ke wuyanka har ka biya, ko ta rance ya zo, ko ta kayan da ka ɗauka a shago aka rubuta a littafi.

Karin maganar hanji an yi ta ne don a rage wa mai bashi raɗaɗi, kada ya ga kamar shi kaɗai ne a duniya. Ba lasisi ba ce. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce kayan aro ba ya rufe katara, ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In ka haɗa ukun za ka ga matsayinsa: bashi ba abin kunya ba ne, amma ba a gina gida a kansa.

Na san halin da ma'aikaci yake ciki. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, kuma kafin shekarar ta fita buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi. Albashi kan shigo ne ya tarar da masu jiransa a ƙofa. Duk da haka bashi iri-iri ne. Na mai shagon unguwa ya san mahaifinka, zai ɗaga maka ƙafa. Adashi kuwa, in an samu uwar adashi mai amana, ba kuɗin ruwa a cikinsa, zubi ne da kwasa, kuma ya fitar da dubban gidaje kunya wajen kuɗin haya da kayan ɗaki. Wanda nake roƙon ka guje masa shi ne na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti kaɗan. Ban da kuɗin ruwa mai nauyi, wasunsu kan aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon ɓatanci in ka yi jinkiri. Ka karɓa don asirinka ya rufu, su kuma tona shi ne makaminsu.

Wani matashi daga Kaduna: "Kakata takan ce ba ta da ko sisi, ko anini. Nawa ne su?"

Kuɗin zamanin Turawa ne. Anini goma ke yin kwabo ɗaya. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, sule ashirin kuma fam guda. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma na sabon kuɗi. Kuɗin sun tafi, sunayen suka zauna a matsayin ma'aunin babu. A Nijar kuwa wani tsohon sunan kuɗi, wato dala (ba ta Amurka ba), tana nan da ranta: tamma biyar ta sefa, kuɗin ƙasar, ita ce dala ɗaya, kuma da ita ake ciniki a kasuwannin Maraɗi da Damagaram har gobe.

Wata daga Kano ta tambayi asalin sunan afafata.

Daga "a fafata" ne, wato a gwabza. Ita ce karyayyar shinkafa mai tauri da datti wadda masu injin casa ke warewa, a da masu kiwon kifi ke saye. A farkon 2024 mutane suka koma dafa ta saboda ita ce aljihu ke iya kaiwa gare ta, kuma sai an fafata wajen tsincewa, da wankewa, da dafawa. Raɗa wa wahala suna tsohuwar ɗabi'armu ce. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba aka kira ta. Ta 1984 zuwa 1985 mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari, domin ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya daina ƙetarawa. Irin waɗannan sunaye su ne kundin tarihin talaka. Mai cin afafata zai ce miki da babu gara ba daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wannan magana a bakinsa take da kyau. Ba ta dace da bakin wanda ya ƙoshi ba, balle mai mulki.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta a Katsina: "Maƙwabciyata mijinta ya rasu. Kullum na tambaye ta gida sai ta ce alhamdu lillahi, akwai rufin asiri. Amma na san wani lokacin ba a ɗora tukunya a gidan. Ƙarya take yi? Mene ne ainihin rufin asiri?"

Malama, ba ƙarya take yi ba. Asiri daga Larabci muka samo shi, abin da ke ɓoye. Rufin asiri a wurin Bahaushe matsayi ne tsakanin wadata da bara: ba ka da yawa, amma ba ka miƙa hannu ba, kuma duniya ba ta san me ka ci ba. Shi ya sa addu'ar da ta fi yawa a bakin iyayenmu ba ta neman dukiya ba ce, Allah ya rufa asiri suke cewa. Ko jana'iza sutura muke kiranta, ko tufafi sutura ne. Mutuncin mutum a wurinmu yana cikin abin da aka rufe.

Matar nan tana gaya miki ne cewa abu ɗaya ya rage mata, kuma ba ta son ta rasa shi. Alƙur'ani ya siffanta irinta a aya ta 273 ta Suratul Baƙara: wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai, ana gane su da alamarsu, ba sa naci wajen roƙo. Lura da cewa ayar ta ɗora aikin ganewa a kan mai kallo. A nan ne nake ganin mun yi sakaci. Mun mayar da kalmar abin fakewa, mutum ya ce akwai rufin asiri mu ce madalla mu wuce, alhali fi'ilin yana da mai aikatawa. Muna cewa wane ya rufa wa wane asiri. Aiki ne da wani ke yi wa wani.

Don haka ki daina tambayarta, amsar ba za ta sauya ba. Ki farfaɗo da ciyayya, wadda iyayenmu mata suka riƙe tsakanin gida da gida. Ki aika yaro da kwano bayan magariba kamar yadda ake aika wa kowace maƙwabciya, ba da rana tsaka a gaban jama'a ba. Ranar da ta maido kwanon da ɗan wani abu a ciki, ko ƙuli-ƙuli ne, ki karɓa ki yi godiya, kada ki ce ai da ta bar shi. In tana da sana'ar hannu, ɗan wake ko kitso ko saƙa, ki zama mai saye, ki biya lakadan, ki kuma turo mata abokan aikinki. In kuna da adashi a makaranta, ki nemi a sa ta da ƙaramin zubi, ki yi magana da uwar adashi a ba ta kwasar farko ta ja jari.