Makullin labo ba na aro ba ne

Ka tambaye ni, wai wani ɗalibi na wani sashe ya roƙe ka makullin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, zai ƙarasa aikinsa ran Asabar da dare, shin ka ba shi, tunda ɗakin na kowa ne. Yarona, da na ji tambayar nan sai da raina ya sosu. Ɗakin na kowa ne, gaskiya, amma makullin da ke aljihunka sunanka ne a kansa, kuma ran da abu ya ɓaci kai za a kira.

Bari in ba ka labarin abin da har gobe ban huce ba. Wata shekara bayan an cire gyaɗa, na tattara samfuri daga Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa, sama da 200, kowane da lambarsa a ambulan. Wata uku ina fitar da man gyaɗar da sinadarin hekzan a na'urar Soxhlet, ina aunawa, ina rubutawa. Sai ga wani saurayi, ƙanen wani abokina ne, ya zo da ladabi har ƙasa: Baba, lokaci ya ƙure mini, ka taimaka mini da makulli kwana ɗaya. Kunyar yayansa ta kama ni, na ba shi. Ban sa ya rubuta sunansa a kaye ba, ban tambaye shi me zai taɓa ba. Ashe narkar da ƙasar gona zai yi da asid nitrik.

Da ya gama, ya ɗauki ragowar asid ɗin ya juye a kwalbar shara ta farko da ya gani cikin hot, wato akwatin gilashin nan mai zuƙe hayaƙi. Kwalbar nan ta aseton ce, da hannuna na rubuta a jikinta. Ya murɗe marfi gam, ya kashe fitila ya tafi gida. Nitrik da aseton ko alkol ba sa zama inuwa ɗaya. Ba lalle su tashi nan take ba, a hankali suke ɗumama suna fitar da iska, marfi ya hana ta fita, har kwalba ta gaji. Maigadi ya ce cikin dare ya ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe a hanyar Ɗan Isa. Da safe na tarar gilashin hot ya tarwatse, bango ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, wari na shaƙe maƙogwaro. Sikelina mai auna har kashi ɗaya cikin 10,000 na giram, wanda nake lulluɓewa da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, asid ya cinye farantinsa. Ambulan ɗin gyaɗa da ke teburin kusa sun jiƙe, lambobi sun goge. Sai wata damina kuma.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan ya tsaya gaban shugaba ya rantse bai shiga ɗakin ba. Aka buɗe kaye, babu sunansa. Makullin wa? Nawa. Aka yi ta yankar albashina, shi kuwa ya karɓi takardarsa ya wuce. Yayansa har yau in mun haɗu a masallaci sai ya sunkuyar da kai.

To, shi ɗalibin da ya roƙe ka makulli, ka ce masa ya je wurin mai kula da labo a sa sunansa cikin masu izini, a zaga da shi ya ga inda komai yake, ya faɗi abin da zai yi aiki da shi. Kuma ko da izini, ba a aikin asid mutum ɗaya da dare. In ya fantsamar a ido, wa zai ja shi zuwa famfo ya riƙe masa fatar ido minti 15? Ga kuran ɗinmu da ka sani, in ya ɗauke hot ta tsaya cik, hayaƙi ya dawo fuskarka cikin duhu. Kwalbar sharar nitrik daban take, kuma ba a ɗaure mata marfi sai ta gama numfashi. Eter kuwa, sinadarin nan mai saurin kama wuta, yana tafasa kusan digiri 35, mu da Afrilu ke wuce 40, saboda haka kar in ji an bar shi a taga, kar kuma a tura shi firijin da kuke sanyaya ruwa, tartsatsi ɗaya na cikinsa ya isa.

Zancen riga da tabarau da safar hannu ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma kasuwa. Ku yaran yanzu dai, da safar hannun da kuka taɓa asid kuke latsa waya, ku shigo da silifa, ku ɗauka duk wanda ya ce muku "don Allah" dole a yi masa. In ya matsa maka, ka turo shi wurina ran Litinin da safe, ya zo da takardar aikinsa a hannu.