Amsa ga Yaya kan maganar "ba ta kama shi"

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari saƙonki. Kin ce ƙaninki ɗan shekara 22 yana shan giya, amma ƙarshen mako kawai, kuma wai ba ta kama shi, shi ya sa hankalinki ya ɗan kwanta. Ki yi haƙuri, ni wannan "ba ta kama shi" ɗin ce ta fi tayar min da hankali.

Kin ga, wanda kwalba ɗaya ta juya wa kai, jikinsa ya riga ya ja masa burki. Wanda ya sha huɗu yana tafiya garau kuwa, ba abin da zai tsayar da shi, sai ƙari. Hanta ba ruwanta da jarumta, abin da take iya tacewa a awa guda bai wuce kimanin ƙaramar kwalba ɗaya ba, sauran yana yawo a jini. Irin waɗannan ne giyar ta fi kama wa wuya daga baya.

Ƙarshen makon ma ba sauƙi ba ne. Namiji ya ɗirki ƙananan kwalabe biyar cikin awa biyu, mace huɗu, nan ake samun haɗarin mota, da faɗa, da wanda amai ke shaƙewa yana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019.

Ki binciko min a hankali, ban da faɗa: yaushe ya fara? Wanda ya fara kafin shekara 15 haɗarin ya zama mashayi ya ninka, don ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna hankali ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Akwai mashayi a dangi? Kusan rabin haɗarin daga gado yake. Sannan murna ke kai shi, ko damuwa da rashin barci? Mai sha don ya manta ya fi ba ni tsoro.

Af, na kusa mantawa. In yana haɗawa da kodin, tiramadol ko maganin barci, wannan ba ta jira, numfashi ke tsayawa. Duk ranar da kuka same shi a sheme ba ya farkawa, kar a ce barci zai warware shi. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti.