Tifa ta kashe mana yaro, mai mota yana neman a sa hannu a takardar yafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ɗan yayana ne, shekararsa 7, tifar yashi ta take shi a nan Kano yana dawowa daga Islamiyya. Direban yana hannun 'yan sanda. Mutanen mai motar sun zo gaisuwa da buhun shinkafa da kuɗi a ambulan, yanzu kuma sun kawo takarda wai mahaifin ya sa hannu ya yafe. Suna cewa yaron ne ya faɗo titi da gudu, kuma ai kwana ne ya ƙare. Mahaifiyarsa ba ta yarda ba. Muna da haƙƙi a kotu? Wa za mu kai ƙara, tunda direban ko sisi ba shi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, ya ba iyayensa dangana.

Ka gaya wa yayanka ya dakata da sa hannun nan. Karɓar shinkafar gaisuwa ba ta kashe haƙƙi, amma takarda tana iya kashe shi, musamman idan an rubuta a ciki cewa abin da aka karɓa shi ne cikakken biya. Lalle kwana ne ya ƙare, babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Sai dai Alƙur'anin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

Shari'ar da 'yan sanda suke yi da direba ta hukuma ce. Wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, amma ɗaurinsa ba zai sa ko kwabo a hannun iyaye ba. Neman diyya ƙara ce daban, ku za ku shigar da ita, kuma ba direba kaɗai za ku kama ba. Doka tana ɗora wa maigida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Muddin direban yashin mai mota ya ɗauko, to mai mota yana ciki dumu-dumu, ko da lokacin yana gida yana barci. Bayansa kuma akwai kamfanin inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota da ke hawa titi a Najeriya inshorar da za ta biya wanda aka kashe ko aka ji wa rauni, kuma tun Janairun 2023 babbar motar kaya naira 100,000 take biya a shekara saboda irin wannan rana. Ku ɗauki lambar motar, a duba a NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, ko takardar inshorarta ta gaske ce, domin ta bogi ta yi yawa a tashoshi. Idan ta bogi ce, mai mota zai biya daga aljihunsa. Idan ta gaske ce, lauyanku ya sanar da kamfanin a rubuce kafin a shiga kotu.

Zancen cewa yaro ne ya faɗo titi, wannan shi ne abin da kusan kowane direba yake faɗa. Kotu ba ta auna hankalin ɗan shekara 7 da na baligi. A wata shari'ar Ingila ta 1966, Gough da Thorne, wadda ake koyarwa a makarantun lauya na nan, alƙali Lord Denning ya ce ba a ɗora wa ƙaramin yaro laifin sakaci da kansa, kuma yarinyar da ake magana a kanta ma ta haura shekara 13. Nauyin yana kan wanda ke riƙe da sitiyari. Direban da ya shigo unguwa bayan la'asar, ya ga yara da alluna da hijabai sun cika gefen titi, ya san ɗaya daga cikinsu zai iya tsallakowa. Ƙa'idar hanya ta hukumar kiyaye haɗurra, wato FRSC, ma ba ta yarda babbar mota ta wuce gudun kilomita 45 a awa a cikin gari ba. In kuwa ya ce birki ne ya tsinke, to ya ƙara jefa maigidansa cikin ruwa, don gyaran mota a wuyan mai ita yake.

Amma duk wannan sai da shaida, ita kuwa shaidar titi ba ta kwana biyu. Ku nemi kwafin zanen wurin haɗari da 'yan sandan kula da zirga-zirga suka yi, da rahoton jami'in VIO, mai duba lafiyar mota, kan birki da tayoyi, da takardar asibiti mai nuna sanadin mutuwa. Tunda mu da wuri muke sutura, wannan takardar ce ake yawan mantawa. Mai shayi ko mai faci da abin ya faru a idonsa, a rubuta bayaninsa yanzu da lambar wayarsa. Idan akwai shago mai kyamara a kusa, a je yau, don na'urar tana goge tsohon hoto da kanta.

Inda gizo ke saƙar shi ne nawa za a biya. Dokar haɗurra masu kisa ta Arewa, wadda aka kafa a 1956 jihohi suka gada, tushenta dokar Ingila ce ta 1846, kuma abin da take aunawa shi ne asarar kuɗin da iyali suka yi, ba zafin rashi ba. Magidanci mai albashi lissafinsa a fili yake. Yaro kuwa bai fara kawo komai gida ba. A shari'ar Barnett da Cohen ta 1921, uban wani yaro da bai cika shekara 4 ba ya tashi a tutar babu, domin kotu ta ce fatan da yake yi ɗan zai tallafe shi nan gaba hasashe ne kawai. A ta Taff Vale da Jenkins ta 1913 kuwa an biya iyayen yarinya 'yar shekara 16, saboda ta kusa gama koyon ɗinki. Ni a ganina wannan ma'auni bai dace da mu ba, mu da 'ya'yanmu su ne fanshonmu, amma shi ne a littafi, kuma lauyan inshora zai riƙe shi da hannu bibbiyu.

Shari'ar Musulunci ba ta duba abin da mamaci yake samu. Diyyar yaro ɗaya take da ta babba: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa a mazhabar Malikiyya. Littafin Risala ma ya ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka, kuma malamai a kan haka suke ƙiyasin mota. Matsalar ita ce kotun shari'a musulmi take yi wa hukunci, jawo kamfanin inshora gabanta kuwa jayayyar hurumi ce da za ta cinye muku lokaci. Shi ya sa na fi son a shigar da ƙara a babbar kotun jiha, da sunan direba da mai mota, sannan a zauna sulhu da wakilin inshora a wurin, a fara ciniki daga ƙimar diyya ta ranar. Da wuya a biya ta cif, amma wanda ya fara daga nan ba zai ƙare a kuɗin ambulan ba. Abin da aka daidaita a kai, a miƙa wa alƙali ya mai da shi hukunci.

Game da mahaifiyar, tana da gaskiya. Diyya gado ce. Idan yaron yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, rabonta sudusi ne, in ba haka ba sulusi, sauran na uba. Uba yana iya yafe nasa, kuma yana da lada, amma ba shi da ikon yafe nata. Ita kanta dokar 1956 ta ce iyalin mamaci musulmi su ne masu rabo a diyyarsa.

Wa'adin shigar da ƙarar shekara 3 ne daga ranar rasuwa. Idan kuma bincike ya nuna tifar ta wata hukumar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, don haka ku tabbatar da sunan da ke kan takardun motar a cikin makon nan.