Rediyon garmaho na gado da masu farautar "jan makuri"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani dogon akwatin rediyo mai garmaho, Grundig, yana ɗaki a rufe shekara da shekaru. Maɓallansa farare ne, an rubuta LW, MW, KW, UKW da TA, lambobin UKW sun tsaya a kan 100. Garmahon yana da gudu huɗu: 16, 33, 45 da 78. Yanzu wasu mutane sun matsa mana, wai akwai jan makuri (red mercury, wani sinadari da ake cewa yana da tsada) a cikinsa, za su biya miliyoyi in mun bari sun buɗe. Ƙannena sun ce a sayar a raba, har mun fara samun saɓani. Na wace shekara ne, kuma da gaske akwai abin nan a ciki? Hankalina a tashe yake. Daga wani mai karatu a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, Malam, ka mayar da ɗakin nan ka kulle. Kada ka bari kowa ya sa masa sukundireba, kai ma kada ka jona shi da wuta.

Shekarunsa ba su da wuyar ganewa. Faifai mai gudun 33 ya fito a 1948, mai 45 a 1949, garmaho mai gudu huɗu kuwa sai wajen tsakiyar shekarun 1950 ya yaɗu. UKW ita ce FM ta Jamusawa, kuma tsayawarta a kan 100 alamar tsufa ce, don daga baya ne aka ƙara ta zuwa 104, sannan 108. Saboda haka ina sa naka tsakanin 1956 da farkon shekarun 1960. In ka ga an rubuta Stereo a jikinsa, to bai riga 1958 ba. Haruffan KW, UKW da TA na Jamusanci ne, sun nuna don kasuwar Jamus aka yi shi; waɗanda aka yi don ƙasashe irin namu galibi SW ake rubuta musu, da layukan gajeren zango da yawa, mita 19, 25, 31, 49, don a kamo Landan da Kaduna. Tabbacin yana jikin kwalin baya, inda aka buga lambar samfurin da jerin bawul-bawul ɗin da ke ciki, wato ƙananan kwalaben gilashin da rediyon ke aiki da su. Wannan kana iya karantawa ba tare da ka kwance komai ba.

To, mu zo kan makuri. Babu shi. Babu a naka, babu a Philips, babu a Pye ko Bush ko Telefunken, babu a keken ɗinki, babu a dutsen guga na gawayi. Na gaji da faɗin wannan magana, amma kusan kullum sai wani ya shigo shago ya rage murya, ya ce, "Malam, in an samu abin nan, da rabonka." Jita-jitar ma ba a nan aka ƙage ta ba. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet 'yan damfara ke tallar wani jan sinadari wai na haɗa bam ɗin nukiliya, kuma har yau ba a samu wanda ya kai shi ɗakin gwaji aka tabbatar ba. A 2009 ta ɓarke a Saudiyya, aka ce yana cikin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta sayen tsofaffin kekuna da kuɗi na fitar hankali. Da ta iso mana sai aka yi mata rawani: wai yana kiran aljanu, wai yana jawo kuɗi, wai yana gudun tafarnuwa, wai ba ya fita a madubi, wai yana ɗauke sabis ɗin waya. Duk bidiyon da ake turo maka a WhatsApp haɗi ne.

Abin da suke nuna maka da yatsa, bari in gaya maka ko mene ne. Ka leƙa ta ramukan kwalin baya da tocila, za ka ga kwalabe ƙanana a tsaye, kan kowace yana ƙyalli kamar bayan madubi. Wannan ƙyallin bariyam ne da aka fesa a masana'anta don ya shanye ragowar iskar da ke cikin bawul. Da zarar an fasa gilashin iska ta shiga, sai ya koma fari fat kamar alli. A nan ne gwanin zai dafa kai ya ce, "Kash, ya gudu, an buɗe ba da tsarki ba." Ba abin da ya gudu, bawul dai ya mutu. Jan ɗigon da ke kan ƙananan sukurori fenti ne, an sa shi don kada saitin ya motsa. Gwangwanayen alminiyam da suke ɓarkewa da filaya, ba komai a cikinsu sai 'yan ƙananan kafasita da siririyar wayar tagulla a naɗe, wadda aka saita ta da na'ura, kuma in aka lalata ta rediyon ya daina kama tasha ke nan. An taɓa kawo mini wani Philips daga wajen Kumo a cikin buhu, an farfasa bawul ɗinsa duka, an tsaga gilashin tashoshin gida biyu, mai shi yana tambaya ko zai gyaru. Bawul ana iya nema a samu. Gilashin nan mai sunayen birane kuwa, an daina yin sa tun kafin a haifi wanda ya fasa shi.

Yadda suke cin mutane ma hanya biyu ce. Ko dai su ce ka ba da kuɗin gwaji, kuɗin sinadari, kuɗin motar "injiniya" daga Kano, ka yi ta biya har ka gaji. Ko kuma ɗaya ya zo a matsayin mai saye da miliyoyi, ɗan'uwansa ya ɓullo ta wata hanya da tsohon rediyo na sayarwa da tsada, ka saya don ka ci riba, ka kira mai sayen ka ji waya a kashe. Ka tambayi kanka: wanda ya san akwai miliyoyi a cikin akwati, me zai sa ya gaya maka? Ai da shiru zai yi ya saye shi a kuɗin itacen wuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin takaicin, har da masu ilimi a ciki, har da masu furfura, ana zubar da zumunci a kan abin da ba wanda ya taɓa gani da idonsa. A ji tsoron Allah, jama'a. Kayan marayu ne fa ake farfasawa.

Ga kuma haɗarin rai, wanda ba sa faɗa. Cikin akwatin nan wuta tana kaiwa bolt 250 ko fiye, kuma manyan kafasita suna riƙe ta ko bayan an zare filogi. In jerin bawul ɗin ya fara da E, kamar ECH81, EABC80, EL84, galibi akwai taransifoma tsakaninka da wutar NEPA. In ya fara da U, kamar UL84 ko UY85, ƙarfen cikin kansa yana iya ɗaukar wutar gari kai tsaye, taɓawa ɗaya ta isa. Yaron da ya iya gyaran waya ba aikinsa ba ne wannan.

Darajarsa ta gaskiya tana cikin cikarsa: gilashin tashoshi lafiya, maɓallai duka, kwalin baya, koren idon nan da ke nuna an kama tasha, katako wanda gara ba ta ci ba. Kada ka sa ran miliyoyi. An yi irinsa da yawa, ga nauyi, ɗaukarsa zuwa waje sai ya fi kuɗinsa. In akwai faya-fayan mawaƙanmu na Hausa a cikin durowarsa, ni a wurina su ne abin da ya fi wuyar samu. A jera su a tsaye, nesa da zafi, kuma kada a goge masu 78 da sifirit, narkewa suke yi.

In kun yanke shawarar tayar da shi, ku nemi tsohon mai gyara wanda ya yi zamani da bawul. Zai duba maɓallin zaɓen wuta na baya ya tabbatar yana kan 220 ko 240, ya canza kafasitocin takarda da suka daɗe da lalacewa, sannan ya ba shi wuta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100, yadda in akwai matsala ƙwan ne zai haska maimakon taransifoma ta ƙone. Robar da ke juya farantin ta bushe, man ciki ya daskare, kan allurar ma da wuya ya rayu a zafin Gombe. Duk waɗannan masu gyaruwa ne. Batun rabo kuma, ku sa a yi masa kuɗi a gaban malamin da zai raba gadon, wanda yake so a cikinku ya biya sauran. Ka turo mini hoton kwalin bayan da na gilashin, in faɗa maka shekararsa daidai.