Amsa ga mai tambaya kan komawa Meson

Ɗan'uwa, ka ce ka aika gyaran da zai mayar da aikinku daga Autotools zuwa Meson (tsare-tsare biyu ne na haɗa manhaja daga fayilolin da aka rubuta ta a ciki), mai kula da aikin ya ƙi karɓa, kana tambaya ko ka ɓalle ka kafa naka reshen, wato kwafin aikin da za ka riƙe da kanka. Na san wannan takaicin, sai dai ni daga kujerar mai kulawa na ɗanɗana shi.

A wata ƙaramar manhaja da nake riƙe da ita, wani ya zo da irin gyaranka, ya matsa mana lamba cewa manyan ayyukan manhaja sun yi gaba, KDE ta koma wani tsarin mai suna CMake tun 2006, GNOME ta kama Meson tun wajajen 2017, mu kaɗai aka bari a baya. Muka karɓa. Ashe ya cusa -Werror, saitin da ke mayar da kowane gargaɗi ya zama kuskure mai tsayar da haɗawa, a ciki bai gaya wa kowa ba, kuma da sabon GCC, mai fassara rubutun manhaja zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa, ya fito da ƙarin gargaɗi, manhajar ta daina haɗuwa a hannun masu shirya ta don rarrabawa. Ƙorafi ya yi ta zuwa a kaina, wasu har da zagi, ina kwana ina tonon fayilolin da ban rubuta ba, shi kuwa na aika masa saƙo ya yi shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya na gan shi a wani aikin yana ba su wannan shawarar da irin wannan gadarar, kamar bai bar kowa da jangwam ba.

Ko Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da ya kunna -Werror a Linux 5.15 a 2021, cikin 'yan kwanaki ya sassauta saboda yawan abin da ya karye. Kai ma ka bar -Werror a gwajin da ke gudana da kansa kawai.

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce ta sa mai kulawar ya ƙi gyaranka. Tun da aka gano ɓarnar da aka cusa a xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024, wadda aka ɓoye mabuɗinta cikin wani fayil na Autotools mai suna build-to-host.m4, masu kulawa suna tsoron duk babban gyaran da ba za su iya karantawa layi-layi ba, ko da yake wannan ma hujja ce a gare ka, domin Meson ya fi m4, yaren da ake rubuta irin waɗannan fayiloli da shi, sauƙin karantawa. Ka tsinka gyaran ƙanana-ƙanana, ka bar tsarin biyu su zauna tare na wani lokaci, ka gwada a tsare-tsaren gudanar da kwamfuta kamar tsohon Debian da FreeBSD, sannan ka rubuta wa mai kulawar a fili cewa duk abin da ya karye kai za ka gyara. Maganar reshe ka jingine ta tukuna, domin ranar da ka kafa shi ƙorafin kowa kai zai samu.