Amsa ga ƙanena mai son zuwa Ingila aikin bishara

Ƙanena, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso. Ka ce ka kusa gama makarantar Littafi Mai Tsarki, zuciyarka tana Ingila, kuma wani ya gaya maka bizar 'yan mishan ta fi ta ɗalibai sauƙi da araha. Ka kuma tambayi yadda nake wuni a nan Biradfod, da ko bangaskiyar mutum ƙaruwa take yi ko raguwa. Da yake ba kai kaɗai ba ne a zumuntar matasa mai wannan tambaya, zan amsa a fili kowa ya gani.

Wanda ya ba ka labarin biza, ko dai bai sani ba, ko kuma aljihunka yake hange. Ba a neman bizar aikin addini da ka. Sai wata ikkilisiya ko ƙungiya a nan, wadda gwamnati ta ba lasisi, ta ɗauke ka ta ba ka takardar ɗaukar nauyi. Akwai ta fasto mai riƙe da ikkilisiya, ita sai ka nuna shaidar iya Turanci. Akwai ta ma'aikaci na wucin gadi, irin tawa, wadda ba ta wuce shekara 2, ta ƙare ka tattara ka koma gida. Ban da kuɗin bizar, akwai kuɗin asibiti, fam 1,035 na kowace shekara tun Fabrairun 2024, kuma dunƙule ake biya kafin ka taka jirgi. Ka juya shi zuwa naira ka gani. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka takardar coci, ɗan damfara ne, ko da ya fara saƙonsa da aya.

Majami'ar da nake hidima tsohon ginin dutse ne, an gina shi don ɗaruruwan mutane. Ran Lahadi ba ma cika benci shida na gaba, kuma yawanci masu furfura ne. Ƙidayar 2021 ta nuna masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa kashi 37.2. Mu a gida mun saba da Musulmi da Kirista, kowa ya yarda akwai Allah, hanya ce ake gardama a kanta. A nan za ka gamu da saurayi mai kirki, mai ladabi, wanda bai taɓa jin labarin ɗa mubazzari ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Ba zai yi faɗa da kai ba. Murmushi zai yi ya ce madalla, ya wuce.

Saboda haka ka cire hoton 'yan Sabon Rai daga kanka, da lasifika da ganga a bakin kasuwa. Kafin a bar ni kusa da yaran makarantar Lahadi sai da aka binciki tarihina a wurin hukuma. Ran Talata ina ɗakin rabon abinci: in jera gwangwanayen wake da taliya da madara a kan tebur, in dafa shayi, in wanke kofuna. Sauran kwanaki ziyarar tsofaffi. Akwai wata gwauruwa da nake zuwa wurinta, 'ya'yanta suna nesa. Takan zuba mini shayi, ta ɗauko hoton mijinta ta goge gilashin da hannun rigarta, ta maimaita labarin da ta ba ni makon jiya. Da farko rabin maganarta ba na kamawa, don Turancin mutanen yankin nan ba shi muka koya a makaranta ba. An daɗe kafin ranar da ta ce in yi mata addu'a kafin in tafi. Aikin ke nan, kuma ni ban raina shi ba.

Abin da ke da wuya shi ne rahoto. Dattawa a gida sukan tambaya, mutum nawa suka tuba? Wasu 'yan'uwa sai su ɗauki hoton taron wata ikkilisiyar 'yan Najeriya su tura, a ce aiki na ci gaba. Ikkilisiyoyin suna nan da yawa, musamman Redeemed, kuma sujadarsu da rai. Amma in can ka tare, mutanen gida ka zo yi wa hidima a ƙasar sanyi, ba mutanen ƙasar ba. Mu 'yan Wusasa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Likita Mila, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a Zariya tun 1905, yana ba da magani yana koyar da yara, ya koyi Hausa har bakinsa ya nuna, sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu. Da rahoton wata-wata aka auna shi, da tuni an kira shi gida.

Batun bangaskiya kuwa, a gida jama'a ce ke ɗauke da kai ba ka sani ba. Mama ta tashe ka addu'ar asuba, zumuntar mata suna rawa da waƙa, fasto ya ga ba ka zo ba ya aiko a duba. Nan ba mai tashinka. A Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ka dawo ɗaki cikin duhu da ruwan sama, ba wanda zai yi maka sallama. Akwai makonnin da addu'a takan bushe mini ƙayau. Abin da ke riƙe ni shi ne karanta Zabura da Hausa da ƙarfi, kunnena ya ji, da kuma wani dattijo a ikkilisiya da na roƙa ya riƙa tambayata gaskiyar halin da nake ciki.

Wani abu kuma da wasu a gida ba za su so ji ba: wanda ya fi kusa da ni a garin nan Bakano ne Musulmi, ɗalibin jami'a. A bas ya ji ina waya da Hausa, ya dafa kafaɗata. Tare muke sayen nama a shagon 'yan Pakistan, mu tuƙa tuwon semo da miyar kukar da aka aiko masa. Ya san aikina, na san lokacin sallarsa.

Kuɗi fa? Alawus ne, ya biya ɗaki da bas da abinci, shi ke nan. Amma dangi sun ji Ingila, kowa da lambar asusunsa.

In karatu kake so, ko neman na kai, ba zunubi ba ne. Ka biyo ƙofar ɗalibai da gaskiyarka. Za a bar ka ka yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, sai dai tun Janairun 2024 yawancin masu karatun digiri na biyu ba sa iya kawo iyali. Ɗalibai da dama suna hidima a ikkilisiya fiye da wasu masu sunan mishan. In kuwa kira ne, ka fara zuwa ofishin EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, a Jos, ka ce su tura ka inda babu mai zuwa, ƙauyen Kebbi ko Nijar ko Chadi. In ka ji zuciyarka ta yi sanyi da jin waɗannan sunaye, ka zauna ka tambayi kanka dalili.

Ka nuna wa fasto da dattawa wannan saƙo kafin ka biya kowa ko sisi. Gonar babanku kuma kada a taɓa ta. Ka gaida Mama da mutanen gida.