Kada Ka Bar Barkono Ya Kwana a Cikin Tekila

Ka tambaye ni barkono nawa za ka yanka a cikin tekilar bikin da aka ba mu, wato giyar Meziko da ake yi da tsiron agabe, kuma ko ka bar shi ya kwana don yajin ya kama sosai. Kalmar "kwana" ɗin nan ce ta sa na ajiye aikina na zauna rubuta maka, domin ita ta cinye kwalba shida a dare ɗaya a wurin aikin nan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yaro, barkono ba ya kwana a cikin tekila, kuma ba a zuba shi a cikin tekilar duka. Ɗiba ake yi a gefe, a jiƙa shi a nan, sannan a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa.

Ga yadda aka yi asarar. Biki ne na mutum ɗari da 'yan kai, mai bikin ya ce kowa kurɓi biyu, mai zaƙi da yaji, kuma da tekila reposado, wadda ta ɗan zauna a gangar katako, ta agabe zalla. Yaron da aka bar wa jiƙon ya ga wani bidiyo a waya inda aka ce a bar barkono awa 24. Bai tsaya ya duba wane irin barkono ne a bidiyon ba. Ya samu habanero guda goma, irin attaruhun nan mai tashin kai, ya tsaga su da 'ya'yansu da farar jijiyar cikinsu, ya juye kwalba shida a kansu cikin babban tulun gilashi, ya rufe ya tafi gida. Da safe da aka buɗe murfin, tun kafin a kai baki ido ya fara ruwa. Tekilar ta ɗauki launin ruwan lemo mai duhu, ga ɗigon mai ja yana yawo a samanta. Aka ƙara sukari, ya yi zaƙi na daƙiƙa biyu sannan wutar ta taso daga maƙogwaro. Aka ƙara ruwan kankana, aka ƙara ruwa, duk ihu bayan hari. Da aka gwada a ƙaramin kofi, sai da aka haɗa kashi ɗaya nata da kashi biyar na tekila marar yaji kafin ta shawu. Ka yi lissafin da kanka: kwalba talatin ake bukata don a ceci shida. Ala dole aka sayo wata da rana tsaka, aka fara aiki daga farko a gurguje, aka kai a makare, mai bikin kuma ya riƙe cikon kuɗin, ya ce ba haka aka yi da shi ba. Abin da ya fi ci mini rai, tsiron agaben nan yakan yi shekara shida ko bakwai a gona kafin a sare shi, amma ɗanyen kai ya lalata shi cikin dare guda saboda ƙyuyar tambaya.

Ka san dalilin, don kada ka ɗauka tsautsayi ne. Abin da ke sa barkono yaji wani sinadari ne mai suna kafsaisin. Ba ya narkewa a ruwa sosai, amma barasa da mai suna zuƙe shi da sauri, kuma tekila kashi 38 zuwa 40 cikin 100 nata barasa ce. In ya fita daga barkono ya shiga kwalba, babu rariyar da za ta tace shi. Yawancinsa kuma a farar jijiyar nan yake, wadda 'ya'yan ke manne a jikinta, ba a 'ya'yan ba kamar yadda yaran yanzu ke faɗa. Wanda ya kakkaɓe 'ya'ya ya bar jijiya bai rage komai ba. Sannan barkono suna ne kawai ya haɗa su. A ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, halapenyo yana tsakanin 2,500 da 8,000, serano 10,000 zuwa 23,000, habanero kuwa 100,000 zuwa 350,000. Awannin da halapenyo zai yi lafiya lau, habanero mintuna yake bukata.

To ga aikin. Daga kowace kwalba mai mililita 750 ka ɗebi 200 a kwalba mai faɗin baki. Ka yanka halapenyo biyu ɗanyu, zobe-zobe, da jijiyarsu, ka zuba. Bayan kowane minti 15 ka ɗebi rabin ƙaramin cokali, ka haɗa da cokali ɗaya na ruwan kankana, ka ɗanɗana, ka jira minti guda cur, don yajin yana zuwa ne a makare. Galibi tsakanin awa ɗaya da biyu ya yi. Kada ka wuce haka ko da kana ganin yajin bai ishe ka ba, gara ka ƙara sabon barkono, domin koren barkono in ya daɗe a barasa yana sakin ɗaci da warin ɗanyen ganye, ya danne ƙamshin agaben. In mai biki ya nace sai habanero saboda ƙamshinsa, kwatan guda ɗaya ya isa, ka cire jijiyar, ka fara ɗanɗanawa daga minti biyar, kada ya wuce minti 15. Ka sa safar hannu. Wanda ya yanka shi da hannu tsirara ya shafa ido ba sai an sake gaya masa ba.

Tacewa sau biyu ce, da rariya mai ƙananan ido sannan da takardar tace gahawa. Kada ka raina ta biyun. 'Yan ɓurɓushin da suka wuce rariya za su ci gaba da sakin yaji, ka ɗanɗana da azahar ka ji daidai, da dare ka tarar ya ƙaru, ka rasa daga ina. Ka kuma sani bayan ɗanɗano na uku harshenka ya daina faɗa maka gaskiya. Ka kira wani wanda bai taɓa ba tukuna.

Kan tekilar kanta, ka riƙa karanta takardar jikin kwalba. Ba a kiran abu tekila sai an yi shi da shuɗin agabe a jihar Halisko ta Meziko, ko a wasu yankuna na Guwanahwato, Micowakan, Nayarit da Tamaulifas, kuma dokar ta kasa ta gida biyu. Wadda aka rubuta "100% de agave" zaƙin agabe ne zalla. Wadda aka rubuta tekila kawai, doka ta yarda kashi 51 cikin 100 ya zama agabe, sauran 49 daga wani sukarin. Ka nemi lambar NOM mai lambobi huɗu, ita ce shaidar masana'antar da ta yi ta. Don wannan aikin fara, wato blanko, ita na fi so, saboda kaifinta yana tsayawa a gaban kankana da lemon tsami. Reposado, wadda ta yi aƙalla wata biyu a gangar katako, ita ma ta yi, musamman in da mangwaro za a haɗa. Amma anyeho da ta shekara ɗaya zuwa uku a ganga, zuba mata barkono da sukari almubazzaranci ne, ko mai biki ya nema ka ba shi shawara ya bari. Kuma kada in taɓa jin ka yi ungulu da kan zabo, ka karɓi kuɗin agabe zalla ka zuba mai gauraye don kana ganin zaƙi zai rufe.

Haɗin kwalba ɗaya shi ne tekila mililita 750, ruwan kankana 400, ruwan lemon tsami 200, ruwan zaƙin agabe 150. Jimla 1,500. Cikin tekilar, ka fara da 550 marar yaji da rabin jiƙon nan, wato 100, ka haɗa komai, ka sanyaya ƙaramin kofi ɗaya ka ɗanɗana. In ya yi, ka cike 100 ɗin da ya rage da tekila marar yaji, ka adana sauran jiƙon. In bai yi ba, ka ƙara 25-25. A sanyaye za ka ɗanɗana, don sanyi yana rage jin zaƙi, abin da ya yi maka daidai da ɗumi zai yi tsami in ya sha ƙanƙara. Ka tsaya da yajin ƙasa kaɗan da yadda kake so, saboda gishirin bakin kofi ma da barkononsa, kuma kurɓi na biyu ya fi na farko zafi a baki.

Zaƙin agabe yana da kauri, in ka zuba shi kai tsaye a abu mai sanyi sai ya dunƙule a ƙasa. Ka narka kashi biyu nasa da kashi ɗaya na ruwan ɗumi tukuna, 100 da 50, shi ne 150 ɗin. Lemon tsami auna shi za ka yi, kada ka ƙirga 'ya'ya, wani ya ba ka mililita 30 wani ko rabi bai kai ba. A ranar bikin ake matsa shi, in ya kwana ɗaci yake yi. Na roba kuwa kada ma ka shigo mini da shi. Kankana ka cire 'ya'yan, ka markaɗa na 'yan daƙiƙu kawai, ka tace. In injin ya daɗe yana juyawa kumfa za ta cika ta, kuma ruwanta yana rabuwa in ya zauna, ja a ƙasa fari a sama, don haka ka juya kwalbar kafin kowace zubawa. A Amurka da yawa suna yin wannan kurɓin da giyar kankana ta kwalba mai launin alewa da ɗigon miyar yaji, suna ce masa na alewar Meziko. Yana da sauri, ban musa ba, amma miyar yajin tana da ruwan kal, kuma kal da lemon tsami in sun haɗu a kofi ɗaya tsamin ya yi kaushi.

Ba sai na koya maka yanka lemo da wanke kofi ba. Girgizawa kuwa, ka cika gwangwanin da ƙanƙara mai tauri, ka zuba haɗin kofi huɗu ko biyar, ka girgiza da ƙarfi daƙiƙa 10 zuwa 12. Ƙanƙarar da ta narke tana ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan ruwan yana cikin lissafi. In baƙi sun yi yawa ba za ka iya girgiza wa kowa ba, ka ƙara ruwa mililita 300 a haɗin tun farko, ya zama 1,800, ka sa a firij aƙalla awa uku. Firij na ce, ba firiza ba. Tekila zalla ba ta daskarewa a firizar gida, amma wannan haɗin ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 17 cikin 100, zai yi ƙanƙara ya rabu da zaƙinsa. A mililita 50 kowane kofi, kurɓi 36 za ka samu.

Bakin kofi nan ake gane mai hannu. Ƙaramin dogon kofin nan da mutanen Meziko ke kira kabayito shi ya fi dacewa. Ka zuba camoyi a faranti, wato miyar 'ya'yan itacen da aka tsima da gishiri da barkono da tsami, ka baza shi siriri, kaurinsa kada ya wuce na tsabar kuɗi. A wani farantin ka baza Tajín, garin barkono da gishiri da busasshen lemon tsami. Kofin ya zama busasshe ƙarau. Ka karkata shi ka mirgina bayan bakin kawai a camoyin, sannan a garin, ka ɗan buga gindinsa abin da bai kama ba ya zube. Masu kifa kofi gaba ɗaya su tsoma suna shigar da gishiri ciki, ya narke a abin sha, duk awon da ka yi ya tashi a banza. Rabin baki ake shafawa, wanda ba ya so ya sha ta ɗaya gefen. Kada ka shafa fiye da rabin awa kafin a sha, gishiri yana jan danshi, za ka ga jan ruwa yana gangarowa jikin gilashi yana ɓata tire da hannun mutane.

Akwai abin da ku yaran yanzu ba ku son ji, don hankalinku yana kan hoton da za a ɗauka. Zaƙi da sanyi suna ɓoye barasa. Kowane kofi yana ɗauke da tekila kusan mililita 21, biyu sun kusa cika awo guda na mashaya, wato mililita 44, amma mai sha ji yake kamar ruwan 'ya'yan itace ne, sai ya jera biyar. Kai ke riƙe da tire, kai za ka ƙirga. Wanda harshensa ya fara nauyi ka wuce shi, wanda shekarunsa ba su kai ba ko kusa kada ya zo, wanda zai tuƙa mota ka miƙa masa marar barasa. Shi ma marar barasar ka yi shi da gaske: kankana, lemon tsami, zaƙin agabe, da zoben halapenyo biyu da ka ɗan daddaka a gindin gwangwani kafin ka girgiza. Ka zuba shi a kofi mai wata siffa daban, a tire daban, don kada wanda ba ya sha ya ɗauka bisa kuskure. Ka ajiye madara mai sanyi a kusa, in yaji ya kama wani ita ce ke kwantar da shi, ruwa baza shi kawai yake yi a baki.

Gobe ka zo da wuri. Ka kawo halapenyo goma sha biyu, ka jera kwalabe masu faɗin baki, ka manna wa kowace takarda da lokacin da ka zuba barkonon. Kada ka mayar da ko ɗigo cikin babban haɗin sai na ɗanɗana.